Gurbin Audu a Ƙarƙashin Gora

Bahiya, 4 ga Rajab, 1285

Daga Isma'ila mai malafa zuwa ga taubashiyata Lantana mai taba, a garin Cachoeira. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiya, in ban da gwiwata ta hagu da ke kai ƙarata kowace safiya. Ina fatan tarin da ya dame ki ya sake ki.

Bayan haka, ya zama wajibi in sanar da ke, da duk wanda ke zaune kusa lokacin da Malam Idirisu zai karanta miki wannan takarda, cewa an yi rashi a gidana. Tabarauna ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata bayan azahar. Shekara goma sha ɗaya muna tare, tun da na saye shi a hannun wani ma'aikacin jirgi, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ni ne sanadin ajalinsa, zama na yi a kansa. Ido ɗaya ya tsage, ƙafa ɗaya ta karye na ɗaure ta da zare. Yanzu duniya kashi biyu nake ganinta, kuma babu rabin da ya burge ni. Ba sai kin zo ta'aziyya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Audu, ƙanen marigayi mijinki. Kin ji labarin gangar farar ƙasa da ta fashe masa a fuska a bakin ruwa, wata uku ke nan. A lokacin na ce miki muna sa rai. To, mun daina. Idanun biyu sun tafi. Jikin kuwa garau, ƙirjin nan da kafaɗun nan suna nan yadda kika san su.

Jiya matarsa Uwani ta riƙo hannunsa ta kawo shi kanto, kusurwar nan ta gindin hawan Taboão inda 'yan dakonmu ke zama suna jiran mai kaya, inda mijinki Abdullahi ya yi shekara ashirin, inda ni ma nake shimfiɗa tabarmata ina saƙa malafa. Ya gaisa da kowa da sunansa, da murya kawai yake gane mu. Sannan ya ce ya dawo aiki.

Kin san Sarkin Dakonmu na yanzu, Ɗanbaba. Da hannunmu muka ɗora shi a kan gangar wofi muka zaga unguwa da shi ranar naɗinsa. Da na san abin da muka ɗauko, da na ba da shawara a sa shi cikin gangar a rufe. Ko tashi bai yi ba. Ya ce gora ɗaya ta ɗaukar ganga rai shida ne a ƙarƙashinta, kuma makaho ya yi tuntuɓe ɗaya a kan hawan nan, mutum biyar ne za su bi shi. Ya ce kanto ba gidan jinya ba ne. Ya ce turawa suna ba da sadaka a ƙofar coci ranar Asabar, Audu ya je da wuri ya sami wuri mai inuwa. Wannan ya faɗa wa mutumin da ya yi shekara tara yana jan gaba a gora, mutumin da shi ya koya wa rabinsu yadda ake ɗaure ganga. Gammonsa da sandarsa ma ashe tuni an ba wani.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗa masa abin da ya sawwaƙa, da wanda bai sawwaƙa ba. Na kawo masa labarin makahon sahabin nan da aka bar wa Madina yana jan salla. Ɗanbaba ya bari sai da na gama, ya ce, “Malam, a Madina akwai hawan Taboão?” Aka yi dariya. Ni aka yi wa, a gaban mutanen da nake rubuta wa wasiƙu kyauta.

To, ga abin da na yanke. Kin san 'yan doka sun fara kwashe duk baƙin mutum da suka gani a titi ba shi da kanton da zai ce nasa ne. Ba zan zauna in ga an kai ƙanen Abdullahi gidan mabarata ba. Zan turo miki shi da Uwani. Ki zaunar da shi a inuwa cikin masu cire jijiyar ganyen taba, aikin da yatsa ke yi ba ido ba. Ya ci, ya huta, ya rabu da wulaƙancin Ɗanbaba. Ban gaya masa ba tukuna, ban ga dalilin damunsa da shawara ba alhali yana cikin wannan hali.

Ki aiko amsa cikin naɗin taba kamar kullum. Tun boren da 'yan'uwanmu Musulmi suka yi aka murƙushe shi a Água de Meninos, takarda mai rubutunmu ta fi wuƙa ba mutanen nan tsoro.

Taubashinki, Isma'ila

Bahiya, 22 ga Rajab

Zuwa ga Lantana. Gaisuwa. Ina lafiya, gwiwa tana gaishe ki. Ina fatan ke ma lafiya ce ta hana ki magana, ba wani abu ba.

Jirgin Cachoeira ya zo sau biyu, ba takarda, ba saƙon baki. Tun da na san ki ban taɓa jin kin yi shirun kwana goma sha takwas ba, don haka na ɗauka kin yarda ne, kunyar yabona ce ta hana ki faɗa. Na yi magana da mai jirgi, zai ɗauki Audu da Uwani ranar biyar ga Sha'aban.

Shekaranjiya na je ɗakinsu na kai masa albishir. Na tarar da shi tsaye a tsakar gida da tulu biyu cike da ruwa, ya rataye su a sanda a kafaɗa, yana kai da komowa tsakanin bango da bango kamar jakin da aka ɗaure. Uwani ta ce haka yake yi kullum tun safe. Na ce ya sauke ya zauna. Na zayyana masa inuwar rumfarki, da sauƙin aikin, da yadda ba zai sake jin muryar Ɗanbaba ba. Na ɗan ƙara wa girkinki gishiri ma, Allah ya yafe mini.

Bai sauke tulunan ba. Ya tambaye ni su wa ke wannan aikin a wurinki. Na ce tsofaffin mata. Sai ya ce, “Malam, ka taɓa shiga ƙarƙashin gora?”

Ki ji fa. Ni da na tsaya masa a gaban jama'a aka yi mini dariya dominsa, ni zai yi wa gori da cewa ban taɓa dako ba. Gaskiya ne ban taɓa ba. Ubangidan da ya saye ni ɗinki ya sa ni, kuma ban ga abin kunya a allura ba. Na ce masa ba na bukatar shiga rijiya kafin in san tana da zurfi, na ɗauki takalmina na fito. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na yi masa uzuri. Ciwo yana sa mutum cizon hannun da ke ba shi magani. In ya zo gare ki ki yi haƙuri da bakinsa.

Ki gyara musu ɗakin nan na bayan rumfa.

Isma'ila

Cachoeira, 27 ga Rajab

Daga Lantana zuwa ga Malam Isma'ila. Ina gaishe ka, ina gaishe da gwiwarka, ina yi maka ta'aziyyar tabarau. Tari ya tafi, alhamdu lillahi. Malam Idirisu ne ke rubutawa, kuma na ce masa duk kalmar da ya tausasa zan sa wani ya karanta mini, in na gano ba zai sake shan fura a gidana ba.

Na ba ka amsa tun ranar tara ga wata. Mai jirgin ya haɗa naɗin da takardar take ciki da sauran kayansa ya sayar. Yanzu haka wani a Bahiya yana shan amsata a lofe. Amsar ita ce a'a. Ba zan gyara ɗaki ba. Kai kuma da ka ji shiru sai ka sa wa shirun kalmomin da kake so, kamar yadda ka saba.

Ba don ba na son Audu ba. Ranar da ya ce da bakinsa yana son zuwa, zan ba shi ɗakina in kwana a rumfa. Amma ka tambaye shi? Na sa an karanta mini takardunka biyu sau uku ina neman inda ka tambaye shi, ban samu ba. Ɗanbaba ya ce ya tafi ƙofar coci, kai ka ce ya tafi rumfar Lantana. Ku biyun kore shi kuka yi daga kanto. Bambancin dai shi da tsawa ya yi, kai da larabci. Makahon Madina da ka kawo, aiki aka bar masa a hannu. Ba a ɗora shi a raƙumi aka kai shi wurin matar yayansa ya zauna cikin tsofaffi ba.

Kai kanka da idon aro kake cin abinci shekara goma sha ɗaya. Ranar da idonka ya fara gazawa, wa ya ce ka naɗe tabarmarka? Gilashi ka saya ka ci gaba da saƙa, ba wanda ya turo ka Cachoeira.

Sannan maganar da ya yi maka, wadda ka kira gori. Taubashi, kakanninmu wa da ƙanwa ne a Katagum, don haka ina da ikon gaya maka: karatunka ya yi yawa har ba ka gane tambaya in an yi maka ita. Tambayarka ya yi. Da ka ce a'a ka zauna, da ya gaya maka abin da duk matar ɗan dako ta sani.

Mutum shida ne a gora, biyu gaba, biyu tsakiya, biyu baya, ganga na rataye a tsakaninsu. Na gaba su ne masu ido. Na tsakiya ba ya ganin komai. Ganga tana gefen fuskarsa, bayan wani yana gabansa, gumi yana cikin idonsa, wuyansa a karkace ƙarƙashin gora. Hannunsa ɗaya a kafaɗar na gabansa, ɗaya a sanda, ƙafarsa kuma waƙa take bi. Abdullahi ya yi shekara shida a tsakiya kafin a kai shi baya. Ya sha gaya mini cewa daga bakin ruwa har dandalin Pelourinho da ke saman hawan idonsa a rufe yake saboda gumi, sai ya ji an ce a sauke yake buɗewa. Ya ce da za a tambaye shi kalar ƙofofin da ke hawan nan, da bai sani ba.

Audu ba zai sake jan gaba ba, wannan ya fi ka sani. Tsakiya yake nema. Tulunan da ka gani yana ɗauka ba hauka ba ne, kafaɗa yake tsarewa kada ta mutu.

Ka koma ka tambaye shi me yake so, ka rufe bakinka har ya gama. Na san rabin na biyun zai yi maka wuya.

Lantana

Bahiya, 8 ga Sha'aban

Zuwa ga Lantana, shugabar 'yan dakon Cachoeira, wadda ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi faifan taba nauyi ba. Gaisuwa. Ina lafiya, ba don taimakonki ba.

Takardarki ta iso ranar uku ga wata. Na karanta ta da rabin tabarau, kuma rabin ma ya ishe ni. Ban kai wa Audu ita ba, ban ga amfanin zuba mai a wuta ba. Ashe ba ya bukatarki. Ranar biyar mai jirgi ya jira har ruwa ya fara janyewa, Audu bai zo ba. Na hau na sauka ina nemansa da wannan gwiwar, na same shi a kanto, tsaye a gaban Ɗanbaba.

Audu ya yi abin da ban taɓa ganin an yi ba. Ya kira 'yan tsakiya ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya ce kowa ya rantse ya faɗi abin da yake gani in ana hawa. Ɗaya ya ce ƙeyar na gabansa. Ɗaya ya ce igiya. Ɗaya ya ce shi tun daga kwanar farko ba ya ganin komai sai ja-ja. Aka yi dariya, wannan karon ba ni aka yi wa ba. Sai Audu ya ce a cika ganga da ruwan teku, don kada a ce an yi wasa da kayan wani ɗan kasuwa, a sa shi a tsakiya, a hau Taboão. In ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya, shi da kansa zai nemi jirgin Cachoeira. Mutum huɗu suka miƙe suka ce za su shiga da shi. Saura ɗaya. An sa ranar Lahadi mai zuwa, da hantsi, lokacin da titi ba cunkoso.

Kin ji abin da hikimarki da tasa suka haifar. Gangar ruwa ba ta fi gangar giya tausayi ba, nauyinsu ɗaya. Kuma tunda kin sa Malam Idirisu kada ya tausasa, ni ma ba zan tausasa ba. Abdullahi da ido biyu ya gamu da ajalinsa a kan hawan nan. Ina wurin. Na ga yadda ganga ta zame ta bi ta kansa a wajen kwatar nan ta tsakiyar hawa, kuma Ɗanbaba ne ya jawo shi daga ƙarƙashi da hannunsa. Ni na yi masa wanka. Ke kina son in yi wa ƙanensa ma?

Don haka na yi abin da ban zaci zan yi ba a rayuwata. Jiya na je gidan Ɗanbaba, na cire takalmi, na gaishe shi da sarautarsa, na roƙe shi ya hana. Na ce shi ke da gaskiya tun farko. Kin san abin da ya ce? Ya ce da kanto ya yi shiru da ya hana, amma mutum huɗu sun miƙe, kuma su suka ɗora shi a ganga, suna iya sauke shi. Ya ce bai yi barci sosai ba tun ranar da ya kori Audu, kuma ba zai yi ba in ya bar shi ya shiga. Na fito ina jin haushinsa fiye da da, domin yanzu ko ƙinsa ba na iya yi yadda nake so.

Na gaya wa Audu ba zan je kallo ba. Ya ce to. Ko juyowa bai yi ba, ko da yake na san juyowar ba ta da amfani gare shi.

In abu ya faru, ke za ki rubuta wa Uwani. Ni na gama.

Isma'ila

Cachoeira, 10 ga Sha'aban

Malam Isma'ila, ina gaishe ka. Lafiya lau. Jirgi zai tashi yanzu, don haka gajeruwa ce.

Ka yi mini magana a kan Abdullahi kamar ban san yadda ya mutu ba. Ka yi masa wanka, ni na zauna da shi kwana biyu kafin ya cika, kuma yana magana. Ido biyu gare shi, ba su cece shi ba. Yana baya. An zubo ruwan wanki a kwatar, na gaba suka gani suka tsallake, ba wanda ya faɗa. Suna ta waƙar wata mai ƙosai. Har ya rasu yana cewa da sun faɗa.

Shekara bakwai ina jiran wani a kanton nan ya gane wannan. Kowa ya ce ƙaddara ce, aka ci gaba da waƙar mai ƙosai.

Tunda ka iya hanyar gidan Ɗanbaba, ka sake cire takalminka. Ka ce masa in ji matar Abdullahi, wanda ke gaba ya sa hanya a cikin waƙa. Kwata, dutsen da ya fita, juyi, duk abin da idonsa ya gani bakinsa ya faɗa, na baya su amsa. Ba don Audu kaɗai ba.

Kuma za ka je kallon. Na san ka.

Lantana

Bahiya, 16 ga Sha'aban

Zuwa ga taubashiyata Lantana. Gaisuwa da fatan alheri. Game da lafiya, gwiwar dama ta bi sahun ta hagu, haɓata kuma tana da ƙulli. Bayani yana tafe.

Takardarki ta same ni ranar Asabar. Na zagaya gidan Ɗanbaba sau biyu kafin in shiga. Na karanta masa ita yadda take, har da maganar takalmi. Da na zo kan waƙar mai ƙosai sai ya ce in tsaya. Ya ce shi ne ke jan waƙar a ranar. Ban san wannan ba, ina jin ke kin sani. Da zan fita ya ce gurbin na shida da ya rage, shi zai cike, kuma a gaba.

Na je kallon. Kada ki sa Malam Idirisu ya karanta wannan layin sau biyu.

Da hantsi aka cika gangar a bakin ruwa aka ɗaure. 'Yan kanton ƙabilar Nago sun zo, masu sayar da abinci sun bar tukwanensu, har wasu turawa sun leƙo ta taga. Uwani ta kai Audu har gindin gora ta saki hannunsa ta koma gefe, ta juya baya. An dawo masa da gammonsa. Ya shafa igiyar daga sama har ƙasa, ya ce ƙullin hagu bai yi ba, aka kwance aka sake. Ya ɗora hannu a kafaɗar Ɗanbaba, mutumin da ya tura shi ƙofar coci, aka ɗaga.

Ɗanbaba ba shi da murya, kin sani, kamar ana jan akwati a kan dutse. Amma ya ja. “Dutse ya fita a dama,” su amsa. “Kashin doki, a taka a hankali,” su amsa. “Juyi hagu, na baya a buɗe,” su amsa. Waƙa ce mafi muni da aka taɓa yi a garin nan, ba mai ƙosai, ba kirari, sai lissafin ƙazantar titi. 'Yan Nago suna ta dariya har kwanar farko, daga nan suka daina.

Ni ina biye da su a gefe, idona a kan ƙafafun Audu. Ta tsagaggen gilashin ƙafa huɗu nake gani, kuma ina jiran ɗaya daga ciki ta kuskure. Muka iso tsakiyar hawa. An gaya mini daga baya cewa Ɗanbaba ya faɗi kwatar har sau uku, da ƙarfi, kuma su biyar sun amsa sau uku, suka ɗaga ƙafa suka wuce. Ni ban ji ba, kallo nake yi. Ƙafata ta shiga, na tafi gaba ɗaya, haɓa ta daki dutse, tabarau ya yi tsalle ya mutu mutuwa ta biyu, wadda ba tashi.

Ba su tsaya ba, ba a tsayawa da ganga a kan hawa. Na ji dai Audu daga ƙarƙashin gora yana tambaya tsakanin amshi da amshi wa ya faɗi. Wani ya ce Malam ne. Suka ci gaba har Pelourinho suka sauke, ruwan bai zube ba.

Kada ki zaci komai ya gyaru. Mutum biyu sun ce ba za su shiga gora da makaho ba, sun koma wani kanton. Wani mai sayar da giya ya ce kada Audu ya taɓa kayansa, kuma Ɗanbaba bai yi masa musu ba, wanda ya sa na sake jin haushinsa, na ji daɗin hakan kuwa. An yanke cewa sanduna da gammo da igiya kowanne yana da wurinsa a jikin bango, ba a sauyawa, don Audu ya same su da hannu, kuma tun yanzu ana faɗa da masu jefar da su ko'ina. Masu jan gaba suna ƙorafi cewa sabuwar waƙar tana busar da maƙogwaro. Audu kansa, da ya yi shekara tara yana zaɓar hanya, yanzu bayan wani yake bi, kuma na ga fuskarsa jiya lokacin da na gaba ya ɗauki juyi da faɗi. Amma yana kanto. Sunansa yana cikin namu in 'yan doka sun tambaya. Jiya hawa huɗu ya yi.

Ranar Lahadin, da suka sauko, ina zaune a bakin kwatar ina riƙe da haɓa, ina lalube ko zan sami ko rabin gilashi. Ban ga wanda ya tsaya a kaina ba sai da ya yi magana, domin yanzu duk abin da ya wuce tsawon hannu hayaƙi ne a wurina. Audu ne. Ya ce, “Malam, gida za ka? Dafa kafaɗata. Ka saurara, zan riƙa faɗa maka hanya.”

Na dafa. Bai ƙara cewa komai a kan jirgi ko rumfa ba, ni ma ban ce ba. A hanya na tambaye shi abin da ake gani a ƙarƙashin gora, na rufe bakina har ya gama. Ya yi wuya, kamar yadda kika ce.

Ki tambaya mini ko akwai mai sayar da tabarau a Cachoeira. Wannan takardar da hancina a kan takarda na rubuta ta.

Ni ne na yi kuskure, Lantana. Ki sa Malam Idirisu ya karanta wannan sau nawa kike so.

Taubashinki, Isma'ila